Layi Shida a Ƙwallon Malam Nazir

Jiya wata daga cikinku, ta san kanta, ta ɗauki zabirar da nake ɗinki ta juya ta, ta ce, "Anti Kulu, ai wannan ba wuya, huda ne da zare." Ban tanka ba, don zare na bakina. Yau ba zare, sai ku karanta. Ku da kuke zuwa zaurena nan Kalgo bayan an tashi makaranta, kuna son zama dukawa cikin wata uku, wannan naku ne. Kuma duk wadda ta sake tambayata mece ce jar ƙwallon da ke kan kantar zauren nan, in miƙa mata takardar nan in huta.

A Gwandu na koyi aikin, a zauren Baffa, yayan babana. Babana baduku ne, ya rasu ina aji biyu na sakandare, ya bar mu mata uku ba namiji. Da aka raba gado, akwatin kayan aikinsa ya faɗa rabon Baffa. Ya kulle shi, ya rataya makullin a wuya da igiyar fata. Na san abin da ke ciki, don tun ina rarrafe nake ɓarna da su: basilla uku, wuƙar yanka mai faɗin baki, dutsen wasa wuƙa, guntun ƙahon da ake goge fata, da katakon yanka da ya lotsa a tsakiya. Da na gama makaranta na je na zauna a gefen tabarmar Baffa. Bai kore ni ba, bai ce sannu ba.

Shekarar farko zare kawai na taɓa. A murza, a ja shi cikin kakin zuma, a sake ja, har ya daina gashi. Ta biyu aka ba ni yankan igiya da rini. Karan dafi don ja, kuloko don baƙi. Wata shida hannuna ja, har mata na tambayata wane irin lalle ne wannan da ba ya fita. Sai a ta uku aka bar ni na riƙe basilla a kan kayan mutane, shi ma laya da zabira.

Wani titimi, matashin fata na zama, na gidan alƙali shi ya koya mini dokar Baffa ta farko. Gunta goma sha shida na haɗa, ja da baƙi, kwana biyu ban ɗaga kai ba. Titimi ta ciki ake ɗinka shi, a juye, sannan a rufe bakin da ɓoyayyen ɗinki. Baffa ya bi gaɓoɓin da farcen babban yatsa, ya tsaya wuri uku inda zare ya ɗan leƙo. Wuri uku cikin ɗaruruwa! Ya jefo mini shi. "Farke." Na ce in gyara ukun kawai. Ya ce, "Duka." A wurin Baffa, in ido ya ga zare, aiki ya ɓaci. Doka ta biyu kuwa ta fi tsanani, kuma ta duk dukawan unguwar ce: wanda ya ɗinka shi ke farkewa. Ba a sa wuƙa a ɗinkin wani, balle na maigida. Wanda ya yi haka kamar ya tsaya bakin kasuwa ne ya ce mutumin bai iya ba. Na san wasu biyu da suka daina gaisawa har mutuwa a kan kuben wuƙa ɗaya.

Shekarar da aka ba mu jiha ita ce mummunar shekararmu. Ƙawayena duk sun gudu Birni, sabuwar hedikwatar jihar, neman aikin ofis. Mu kuwa fata ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, don fatake na kwashe ɗanya kafin ta kai hannun majema, ta shanu kuma an koma cinye ta ganda. Takalmin roba ya cika kasuwa. Wanda da zai zo a yi masa gafaka ya koma sayen jaka mai zif. Sai mu yi mako ba abin da ya shigo sai layar jarirai. Ana saura kwana kaɗan azumi Baffa ya ce da ni, bai ko dube ni ba, "Bayan Sallah zan ruhe zauren ga in koma gona Kambaza. Akwai baduku a Kalgo da za ya ɗauki kaya."

"Har da akwatin babana?"

"Har shi. Mi za ki yi da shi? Ki kai ɗakin miji ki jera da kwanoni?"

"In yi aiki."

"Wa ka kawo miki aikin? Shekara uku kina nan, wa ya taɓa tsayawa ƙofar ga ya ce Kulu yake nema?" Ya ja zare da haƙori. "Ran da wani ya zo ya nemi aikinki, ba nawa ba, ki ɗauki makulli. In Sallah ta riga shi, shi ke nan."

Ana cikin haka Malam Nazir ya zo a babur ɗinsa, rediyo ɗaure a baya da roba. Ku ba ku riski malaman nan ba. A da makarantunmu cike suke da su, daga Indiya da Pakistan, suna koyar da lissafi da kimiyya. Da kuɗi ya karye suka watse ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ya rage a Gwandu, shi ma ƙarshen zangon zai tafi. Mutumin Pakistan ne, amma garin duk Malam Ba'indiye ake ce masa, kuma shekara goma sha wani abu yana gyara wa mutane bai gaji ba. Ni ma ya koya mini lissafi. Ya taɓa ba ni goma sha bakwai cikin ɗari, ya rubuta a ƙasa wai garaje ne ya kashe ni. Hausa a bakinsa raɗau, sai dai karin harshe.

Ya fito da ƙwallo daga aljihu, ba ta kai lemun zaƙi ba, ja, mai tauri kamar dutse, ta tsage a tsakiya. Ya ce ta wasan kurket ce. Yana da ɗalibai ashirin da wani abu da yake koya wa, ƙwallayen da ya zo da su duk sun mutu, wannan ce mai ɗan sauran rai. A lokacin ana gasar ƙasashe can Ostareliya, shi ne dalilin rediyon, tun daga sahur yake manne da ita. Ya yi wa yara alkawarin ranar wasan ƙarshe, ko wa ya ci, su ma za su yi nasu bayan la'asar.

"Kuma in na tafi, Baffa, wa zai kawo musu ƙwallo? Ina son a iya gyara ta a nan."

Baffa ya ce, "Shi wasan, awa nawa ake yi?"

"Wannan na gasar, wuni ɗaya."

"Wuni? Manyan mutane, tun sahe har dare suna jifa? Ba su da gona?"

"Ai wannan gajeren ne. Na asali kwana biyar."

Baffa ya yi salati, ya karɓi ƙwallon. Ya ga layukan zare shida sun zagaye ta, ɓaro-ɓaro a waje, tsakiya ta yi tudu. Ya girgiza kai. "Malam, wanda ya yi maka wanga aiki bai ji tsoron Allah ba. Dawo jibi."

Aikin da Baffa ya yi a kan ƙwallon nan, har yau ban ga wanda ya fi shi kyau ba. Ya kware tsohuwar fatar ya jefa kwandon tarkace. Ciki wani dunƙule ne marar nauyi an naɗe shi da zare tam. Ya zaɓi jar fatar akuya mafi laushi da muke da ita, wadda yake ɓoyo, ya ɗinka ta ciki, ya juye, ya cusa dunƙulen, ya rufe da ɗinkin da ko da tabarau ba ka gani. Ya goge da ƙaho, ya shafa man shanu. Ta fito sumul kamar tumatir, tana ƙyalli. Maƙwabta suka riƙa leƙowa kallo.

Malam Nazir ya zo, ya karɓa, ya juya, ya sake juyawa. Na san fuskar nan, ita yake yi in ya zo raba takardun jarrabawa.

"Baffa, ina ɗinkin?"

"Nemo shi!" Baffa har da gyara zama.

"A'a, ina nufin... ɗinkin nake so. A waje."

"A waje? Ka ce in mai da maka ƙazantar da ka kawo?"

Malam mutum ne mai kunya. Ya yi godiya, ya sa ta aljihu, ya hau babur. Baffa ya ce mutanen nan ba su san abu mai kyau ba. Ni kuwa abin ya tsaya mini. Mutum ba ya kallon aiki irin wannan ya yi fuskar jarrabawa a banza.

Washegari bayan la'asar na ja hijabi na tafi filin makaranta. Nan na fara ganin wasan. Sanduna uku a kafe, ɗaya na tsaye gabansu da faffaɗan katako, ɗaya na rugowa da gudu ya wurgo ƙwallo ta daki ƙasa ta taso. Ƙwallon Baffa na tafiya ɗoɗar, duk wanda ya kai mata katako sai ya same ta, ta kuma fara saɓulewa a gefe.

Na ce, "Malam, wai me zaren ke yi maka?"

Ya ce, "Kulu mai garaje! Kawo hannunki." Ya ɗora ƙwallon a tafina, ya nuna inda yatsu biyu ke zama, nan da nan, babban yatsa a ƙasa. "Tudun nan shi mai jifa ke riƙewa. Shi ke yanka iska, ƙwallo ta karkace tana tafe. In kuma tudun ya daki ƙasa, sai ta yi tsalle inda mai bugu bai zata ba. Babu tudu, babu wasa. Baffanki ya yi mini kyakkyawar ƙwallon da ba ta iya ƙarya."

To ku ji nan, don shi ne abin da shekara uku ba su koya mini ba. Baffa ya fi ni iya ɗinki sau goma, har gobe. Amma bai tambayi mutumin me zai yi da abin ba. Ya ga zare a waje, ya yanke hukunci.

Na karɓo ƙwallon na dawo. Tun a hanya na san inda matsalar take. Dunƙulen ciki ɗaya kaɗai na sani a duk Gwandu, kuma yana cikin ɗinkin Baffa. Ban iya kewaye-kewaye ba, sai na ajiye ta gabansa na faɗa masa duk abin da na gani, na ce ina son in sake ta.

"Ki sake? Ke za ki sa wuƙa a ɗinkina?"

"Ban sa ba. Shi ya sa na kawo maka."

Ya ture ƙwallon gefe, har na ɗauka magana ta mutu. Aka kira magariba, ya sha ruwa, ya yi salla, ya shige gida. Da safe na zo na tarar da shi da ƙwallon da wuƙarsa ƙarama. A gabana ya bi ɓoyayyen ɗinkin nan ya tsinka shi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai cire ƙaya. Ya zare jar fatar ya ninke ya sa aljihu, ya gangaro mini da dunƙulen a kan tabarma.

"Ni na ɗinka, na farke. Saura ki nuna mini ƙazantar taku."

Tsohuwar fatar na fara tonowa daga kwandon tarkace. Ita ta zama malamata. Ba akuya ba ce, fatar sa ce mai kauri, an yi ta ƙoƙo biyu. Na ƙirga hudar kowane layi, na auna tazararsu da tsinke. Layi biyu na tsakiya su ke haɗa ƙoƙunan su ta da tudu, sauran huɗun na gefe riƙo ne. Mu ba mu da jemammiyar fatar sa, sai na shiga mota da azumi a bakina, ta Birni har nan Kalgo, wurin mijin Goggona da ke jimar fata. Ya yanko mini ta gadon baya, ya ce in don takalmi ne na yi sa'a. Na ce don ƙwallo ne. Ya kira Goggo ya ce ta zo ta ji, ɗiyar ɗan'uwanta ta fara taɓuwa.

Ta farko ta lalace. Na jiƙa fatar, na danna ta cikin ƙaramin ludayi don ta ɗauki siffa, na shanya a rana don ina sauri. Ranar watan Maris ta Gwandu. Kafin azahar ta ƙanƙance ta bushe kamar ƙanzo, ƙoƙunan suka ƙi haɗuwa. Baffa na gefe yana ɗinkin laya, ya ce da layar, ba da ni ba, "Fata dai a inuwa take bushewa." Ta biyu ta haɗu, na ɗinka, na aika wa Malam. Ya ɗora a sikelin ɗakin gwaje-gwaje ya dawo da ita, wai ta yi nauyi, za ta karya wa yaro yatsa. Na farke abina. Na zauna da wuƙa ina fere cikin fatar kaɗan-kaɗan, wuni guda, ina ɗagawa ga haske in ga ko kaurin ya daidaita. Saura kwana biyu wasan ƙarshe, saura guntun fata na ƙoƙo ɗaya kacal in na kuskure.

Tudun shi ya fi ba ni wuya. Hannuna ya saba da jan zare ya nutse. Nan kuwa sai an ɗaga leɓen fatar biyu, a huda su tare, a bi da allura biyu suna gicciye, a ja daidai yadda zai tsaya a sama bai yanka fata ba. Duk huda sai na ce da hannuna, bari ya fito. Yatsuna suka fashe. Baffa ya daina ma duban wajena, wai yana ɗaga masa hankali.

Ranar wasan ƙarshe, ƙasar Malam ce da Ingila. Ko shi bai zata za su kai ba, don da farko cinye su ake ta yi, har akwai wasan da ruwan sama ne ya cece su. Da hantsi ya zo zauren, ya ce ba ya iya zama gida, ba ya iya shiga aji. Ya kafa rediyo kan akwatin babana, ya ja eriya. Turanci ke fita da shuuu, murya ta tafi ta dawo. Ni ina layi na biyar.

Baffa ya ce, "Wa ka ci?"

"Ba a sani ba tukuna."

"Tun asuba ba a sani ba?"

Can sai Malam ya zabura, ya dafe kai, ya yi kabbara. Kafin ya zauna ya sake zabura. Wai mai jifansu ya fitar da mutum biyu a jere, kuma ƙwallon karkacewa ta yi a iska. Ya nuno ni da yatsa. "Kin ji? Ɗinki ke nan! Ɗinki!" Baffa ya ce, "Malam, zauna, azumi kake." Wajen azahar aka gama, nasu suka ci. Dattijon nan da ya ba ni goma sha bakwai ya rungume Baffa yana hawaye, Baffa na cewa, "To, to, barka, sake ni, alwala gare ni." Na yanke zaren ƙarshe, na rina da karan dafi, na goge gefe da ƙaho, na miƙa masa tana da ɗanyen rini.

Ban je filin ba. Na ce in ta fashe, ta fashe ba a idona ba. Har aka sha ruwa ba labari. Washegari ma shiru har hantsi, Baffa ya fara jera kayansa cikin buhu, don Sallah saura kwana goma.

Sai ga ƙarar babur. Malam ya yi sallama, da jaka a hannu, ya zazzage ta bakin ƙofa. Matattun ƙwallaye biyar, da tawa a sama, ta sha duka ta yi ƙura, ɗinki ko gezau.

"Baffa, ka yi haƙuri, yau ba wurinka na zo ba. Kulu nake nema. Duka biyar, irin wannan."

Baffa ya saki buhun. Ya miƙa hannu ya ɗauki tawa. Ya bi tudun da farcen babban yatsa, yadda ya bi titimin alƙali, yana yamutsa fuska. "Muni dai ya yi muni," in ji shi. Ya zagaye layi shida. Ya sake zagayewa. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kanne ido ɗaya. Na san abin da yake nema. Kowane zare yana da inda aka ƙulle shi, layi shida kuwa ƙulli da yawa ke nan.

"Ina ƙullin?"

Na ce, "Nemo shi."

Ya ƙara juyi ɗaya, ya ajiye. Ya sa hannu a wuya ya ciro igiyar, ya jefo mini makullin kan cinya.

"Basilla ta tsakiya bakinta a karkace yake. Kada ki miƙe ta, haka ubanki ka son ta."

Baffa ya koma gonarsa bayan Sallah kamar yadda ya ce, na zauna a zauren har aure ya kawo ni Kalgo da akwatina. Malam ya tafi ƙarshen zangon, ya bar wa yara biyar ɗin, ya ce ta farkon tawa ce. Ita ce kan kantar nan. In Baffa ya zo ganina, sai ya ɗauke ta ya ce muni dai ya yi muni, sannan ya matsa bakin ƙofa wajen haske.

Gobe kowa ta zo da kakin zumarta. Zare za ku murza.